Kifi Ma Yana Shaƙewa a Cikin Ruwa

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, da waɗanda dama sun fi son karatu a kan sauraro.

Yau za mu fara ne daga bakin tankin kifi. Duk wanda ya taɓa kiwon kifi, ko yake da ɗan uwa mai yi, ya san irin wannan safiya. Jiya da yamma mutum ya zuba wa kifayensa abinci, suna ta tsalle suna wawaso, lafiya ƙalau. Ya kwanta da lissafin ribar da zai ci nan da wata guda. Da asuba ya fito, sai ya tarar rabinsu sun juya ciki sama, sauran kuma sun taru a saman ruwa suna ta buɗe baki kamar masu roƙo. Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne an zuba guba. Wani ya zargi maƙwabci, wani ya zargi mai sayar da abincin kifi, wani ya ce baki ne. Ana samun guba, ba a ce ba a samu ba. Amma sau da yawa babu wanda ya taɓa ruwan. Iska ce ta ƙare a cikinsa, kifayen suka shaƙe.

Na san wani zai ce, kifi kuma da shaƙewa a ruwa? To ai nan maganar take.

Kifi numfashi yake yi kamar ni da kai, kuma oksijin ɗin da muke buƙata shi ma shi yake buƙata. A nan ne ɗalibai da yawa ke ruɗewa. An koya mana a makaranta cewa ruwa H2O ne, wato akwai oksijin a cikin ginin ruwan kansa. Gaskiya ne, amma wannan oksijin a ɗaure yake tamau da haidirojin, kifi ba shi da hanyar kwance shi. Kamar mai jin yunwa ne a zaune kan buhun siminti, abu ne a gabansa amma ba na ci ba. Wanda kifi ke shaƙa shi ne oksijin na iska da ya shiga ruwa ya narke, ya ɓuya a tsakanin ƙwayoyin ruwan, yadda sukari ke ɓacewa a cikin shayi. Ba ka ganinsa, amma yana nan.

Kana son ka gani da idonka? Ɗora ruwa a wuta. Tun kafin ya tafasa za ka ga wasu 'yan ƙananan kumfa sun manne a jikin tukunya. Wannan ba tafasa ba ce tukuna, iskar da ta narke a ruwan ce zafi ya fara kora waje. Shi ya sa ruwan da aka tafasa ya huce yakan yi wani salam a baki. Kuma da za ka saka ɗan kifi a irin wannan ruwan, ko da ya yi sanyi, ba zai ji daɗi ba sai an kaɗa ruwan ya sake shan iska.

Yanzu mu zo kan lissafi, domin shi ne zai nuna muku irin talaucin da kifi ke rayuwa a ciki. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne. Ruwa kuwa abin da yake iya riƙewa ɗan mitsitsi ne, har sai da miligiram ake auna shi a kowace lita. Ruwan daɗi mai sanyin ƙanƙara, a digiri 0, yana riƙe miligiram 14.6 a lita. A digiri 20 ya sauko zuwa wajen 9. A digiri 30, irin zafin da ruwan tankinmu ke kaiwa cikin watan Afrilu, bai wuce 7 da rabi ba. Idan ka ɗauki kwalba biyu masu girma ɗaya, ɗaya iska ɗaya ruwa, oksijin ɗin da ke cikin ta iskar ya ninka na ruwan wajen sau 30.

Bari in kawo shi kusa. Tanki mai lita 1,000 a wannan zafin, idan ya ƙoshi da iska iyakar ƙoshi, oksijin ɗin da ke cikinsa giram 7 da rabi ne kacal. Mutum ɗaya da ke zaune ba ya aikin komai zai shaƙe wannan cikin minti ashirin da 'yan kai. To wannan ne abin da ɗaruruwan kifaye ke rabawa a tsakaninsu. Kuma ba su kaɗai ba, kamar yadda za mu ji.

Saboda wannan ƙarancin ne aka yi wa kifi mashaƙa ta musamman, jajayen abubuwan nan da ke gefen kansa ƙarƙashin murfi, waɗanda ake fizgewa a zubar idan ana gyaran kifi. Jan da kuke gani jini ne, domin fatar wurin siririya ce ƙwarai. Kifi yana haɗiyar ruwa ta baki ya fitar ta nan. Abin burgewar shi ne, ruwan yana tafiya ta wannan fuska, jinin kuma yana tafiya ta ɗaya fuskar, suna gilma wa juna. Da wannan dabara jinin kullum yana haɗuwa da ruwan da ya fi shi oksijin, har wasu kifaye kan tsotse kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ke cikin ruwan da ya ratsa. Mu da muke cikin yalwa, abin da muke ɗauka daga kowane numfashi bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran mu mayar waje.

To daga ina oksijin ke shiga ruwa? Ƙofa biyu ce. Ta farko saman ruwan, inda yake haɗuwa da iska. Amma idan ruwa yana kwance shiru, shigar tana da nawa sosai, domin oksijin yana yaɗuwa a ruwa a hankali fiye da yadda yake yi a iska har wajen sau dubu goma. Sai an motsa ruwan. Iska mai kaɗawa, igiyar ruwa, gudu a kan duwatsu, faɗowa daga sama irin ta Gurara, duk waɗannan suna cusa wa ruwa iska. Shi ya sa rafi mai gudu ya fi kududdufi rai.

Ƙofa ta biyu ita ce tsirran cikin ruwa, musamman gansakuka da wasu 'yan mitsi-mitsin tsirrai da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, waɗanda ke sa ruwa ya yi kore. Idan rana ta fito suna haɗa abincinsu da haskenta, suna sakin oksijin kai tsaye cikin ruwan. Kada ku raina su fa. Kusan rabin oksijin da ake samarwa a duniya daga irin waɗannan ƙananan halittu na teku yake fitowa.

Amma a nan ne kuma tarkon yake, kuma a nan ne amsar abin da ya sami mai tankin nan. Gansakuka da rana mai bayarwa ce, da dare mai karɓa. Rana tana faɗuwa sai samarwa ta tsaya cak, amma numfashi bai tsaya ba. Kifi yana shaƙa, gansakukar kanta tana shaƙa, ƙwayoyin bakteriya da ke cin dattin ƙasan ruwa su ma suna shaƙa. Dare ya yi ta tafiya ana ci babu ƙari. Saboda haka oksijin a tafki yakan kai ƙololuwarsa da la'asar, ya yi ta sauka, ya kai ƙarshen ƙasa dab da fitowar rana. Shi ya sa mutuwar kifi ta fi faruwa da asuba. Ba wai mugu ya fi son wannan lokacin ba ne. Lokacin ne tukunya take komawa wayam.

Kuma gwargwadon koren ruwa, gwargwadon girman wannan hawa da sauka. Ruwan da ya yi kore shar kamar miyar kuka, da rana oksijin ɗinsa kan wuce misali, da asuba kuma ya kusa kaiwa sifili. In aka yi rashin sa'a aka samu kwana biyu ko uku ana hadari rana ba ta fito sosai ba, to ko da ranar ma ba a tara abin kirki ba, dare kuma ba zai rage nasa ba.

Masana sun yi wa abin ma'auni. Yawancin kifaye suna walwala idan oksijin ya kai miligiram 5 a lita ko sama. Ƙasa da haka sai su rage cin abinci, girma ya tsaya, cuta ta samu ƙofa. Wannan matakin ne ya fi cin mutane ba su sani ba, domin kifin bai mutu ba, amma wata shida ana zuba abinci ya ƙi nauyi. Idan ya sauka ƙasa da 2, an shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, mai iya gudu ya gudu, wanda ba ya iyawa ya mutu.

Zafi kuma duka biyu yake yi. Mun riga mun ji cewa ruwan zafi ba ya riƙe iska da yawa, kamar yadda lemon kwalba mai ɗumi ke saurin sakin gas ɗinsa. To a lokaci guda, kifi jikinsa yana bin zafin ruwan da yake ciki ne. Ruwa ya ƙara digiri 10, buƙatarsa ta oksijin takan kusa ninkawa. Ga abinci ya ragu, ga yunwa ta ƙaru. Gishiri ma yana rage shi: ruwan teku yana riƙe ƙasa da na ruwan daɗi da wajen kashi ɗaya cikin biyar.

Akwai wani abu da ke ba ni mamaki duk lokacin da na tuna. A tekun Antatika, inda ruwa ke dab da daskarewa kuma yake cike da oksijin, akwai kifin da jininsa ba ja ba ne, fari ne kamar ruwa. Ba shi da sinadarin nan mai ɗaukar oksijin da ke sa jininmu ja, kuma yana rayuwarsa. Yalwa ce ta sa ya iya. A nan wajenmu kuwa akasin haka ne, ƙunci ne ya koya wa kifayenmu dabara.

Ɗauki tarwaɗa. Idan ka tsaga kanta, a saman mashaƙarta za ka ga wani abu mai rassa kamar ƙaramar bishiya. Da shi take shaƙar iska kai tsaye. Shi ya sa take leƙowa sama ta kamo iska ta koma, shi ya sa take daɗewa a baho a kasuwa ba ta mutu ba, kuma shi ya sa ita ce kifin da aka fi kiwo a Najeriya, domin tana jure cunkoson da zai kashe wani kifin. Gaiwa ta ma fi ta. Ita huhu gare ta, kuma dole ne ta fito ta shaƙi iska, in ka hana ta sai ta nutse. Idan fadama ta ƙafe sai ta shige cikin laka, ta naɗe kanta da majina, ta bar 'yar kafar iska, ta yi watanni a haka tana rayuwa da naman jikinta har damina ta dawo. Maganar nan da ake yi cewa gaiwa jikinta take ci, ba ƙarya ba ce. Ƙarfasa ba ta da wannan gatan, duk da tana da juriya daidai gwargwado. Giwan ruwa kuwa sam ba ya son wasa da iskarsa.

Sai dai masu kiwon tarwaɗa kada su ce to shi ke nan, mu mun tsira. 'Ya'yan tarwaɗa da aka ƙyanƙyashe ba su da wannan bishiyar a farko, sai bayan wasu makonni take fitowa. Kafin nan rayuwarsu kacokan a kan oksijin na ruwa take, shi ya sa asarar masu ƙyanƙyasa ta fi yawa. Babbar ma, idan ta wuni tana hawa sama neman iska, ƙarfin da ya kamata ya zama nama ne take ƙonawa.

Yanzu mu bar tanki mu fita kogi, domin abin da ke faruwa a tanki shi ne ke faruwa a can, girma ne kawai ya bambanta.

Babban ɓarawon oksijin a kogi shi ne ruɓa. Duk wani abu da zai iya ruɓewa, bahaya ne, jini da tumbi daga mayanka, ragowar abinci, ruwan masana'anta, ganye, idan ya shiga ruwa bakteriya za su hau shi da ci. Su kuma da oksijin suke aikin. Datti ya yi yawa, su yi yawa, su shanye iskar tas. Kun ga ke nan ba lallai dattin ya zama guba ba kafin ya kashe kifi. Madara ma, da za a juye tanka guda a ƙaramin rafi, za ta kashe kifin da ke ciki, saboda abinci ce mai kyau ga bakteriya.

Idan oksijin ya ƙare gaba ɗaya, sai wasu irin bakteriya da ba sa buƙatarsa su karɓi aiki. Su ne ke fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai, su mayar da laka baƙa ƙirin. Duk wanda ya taɓa bin gefen Jakara a Kano da rani ya san warin da nake nufi. Kogin Challawa ma an daɗe ana nazarin yadda ruwan masana'antun jima ke shafarsa. Hancinka kaɗai ya isa ya gaya maka cewa iskar wannan ruwan ta tafi.

Kuma ruwan da ya rasa oksijin ba ya zama fanko, masu zama ne ke canzawa. Kifi ya tafi, ƙwarin da ke son ruwa mai tsabta su tafi. Su wa suka rage? Jajayen tsutsotsin nan na cikin laka, waɗanda jininsu ke iya kama ɗan abin da ya saura, da kuma 'ya'yan sauro. Su 'ya'yan sauro ba ruwansu da oksijin na ruwa, wani ɗan bututu gare su da suke leƙo da shi sama su shaƙi iska. Ga shi kuma kifin da ke cinye su ba ya nan. Masu binciken ruwa sukan ɗaga dutse su duba irin ƙwarin da ke ƙarƙashi, daga nan su san lafiyar kogin tun kafin su fito da na'ura.

Labarin kogin Tems na birnin Landan ya isa misali. A bazarar 1858 warin kogin ya kai har 'yan majalisar Ingila sun sha wahalar zama a zaurensu da ke bakin ruwan, saboda bahayar birnin gaba ɗaya can take zuwa. Wannan ne ya tilasta aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa. Duk da haka, bayan shekara ɗari, a 1957, an bayyana wani sashe na kogin a matsayin matacce, babu isasshen oksijin da kifi zai rayu. Aka gyara wuraren tace ƙazanta, aka matsa wa masana'antu. A 1974 aka sake ganin kifin salmon a cikinsa, yau kuma ana lissafa nau'in kifi sama da ɗari. Har jiragen ruwa na musamman suka tanada masu busa oksijin cikin kogin idan ruwan sama mai ƙarfi ya kwararo da ƙazanta. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne kogi yana farfaɗowa, amma ba da fatan baki ba, sai an kashe kuɗi an kuma hana mutane abin da suka saba.

Ɓarawo na biyu ya fi wayo, domin da sunan alheri yake zuwa: takin zamani. Abin da ke sa masara ta yi kore a gona shi ne ke sa gansakuka ta yi kore a ruwa. Ruwan sama ya wanke taki zuwa kogi, gansakuka ta samu abinci ta yi ambaliya, ta mutu, ta nutse, bakteriya su ci gawarta su shanye iskar ƙasan ruwan. Kogin Misisifi na Amurka yana kwaso ruwa daga jihohi 31, cikinsu har da manyan gonakin masara, ya juye a tekun Mekziko. Kowace bazara sai an samu wani makeken yanki a ƙasan tekun da oksijin ɗinsa ya faɗi ƙasa da 2. Ana auna shi tun 1985. A 2017 ya kai murabba'in kilomita wajen 22,700, wato ya ɗara faɗin jihar Kano gaba ɗayanta. Kifi da jatan lande masu iya tafiya su ƙaura, masunta su bi su nesa da ƙarin kuɗin mai, masu rarrafe a ƙasa su mutu a wurin. Manomin da ya zuba takin yana can sama da kilomita dubu, bai taɓa ganin tekun ba. Wani nazari da aka wallafa a 2008 ya ƙirga irin waɗannan matattun yankuna sama da 400 a gaɓar tekunan duniya.

Me ya sa ƙasan ruwa ne ke fara mutuwa? Domin ruwa yana yin hawa-hawa. Mai ɗumi ba shi da nauyi, yana zama a sama. Mai sanyi ko mai gishiri ya fi nauyi, yana kwanciya a ƙasa. In ba a gauraya su ba, na ƙasan ya rabu da iska ke nan, kuma haske ba ya kai masa. Akwai wuraren da haka halittarsu take tun fil azal. Tafkin Tanganyika zurfinsa ya haura mita 1,400, amma kifayensa duk a cikin mita 200 na sama ko ƙasa da haka suke, abin da ke ƙasa babu oksijin. Bahar Aswad ma haka, mafi yawan ruwansa na ƙasa babu iska sai wannan gas mai warin ƙwai.

Wannan hawa-hawan ne ke bayyana wani abu da masu tafkin ƙasa ke gani a farkon damina. An sha zafi wata da watanni, ruwan ƙasan tafki ya zama mara iska. Rana ɗaya hadari ya taso da guguwa, ruwan sama mai sanyi ya sauka, ya juya tafkin, na ƙasa ya hau sama ya gauraye da na saman. Ga kuma dattin rani gaba ɗaya da ruwan farko ya wanko ya zuba. Washegari sai kifi a bakin gaɓa. A Ostireliya, cikin watan Maris na 2023, miliyoyin kifaye suka mutu a kogin Darling kusa da garin Menindee, har suka rufe fuskar ruwan. Ambaliya ce ta janye ta bar ruwa cike da kifi da tarkacen ganye, zafi ya biyo baya, oksijin ya faɗi.

Ciyayin da ke rufe saman ruwa su ma suna da nasu laifin. Kainuwa, da baƙuwar ciyawar nan mai fure shuɗi-shuɗi da ta addabi tafkin Kainji da ruwayen Legas da tafkin Biktoriya, idan suka shimfiɗu sai su zama murfi. Ganyensu a sama yake, don haka oksijin ɗin da suke samarwa iska yake tafiya, ba ruwa ba. Sun tare haske, sun hana iska kaɗa ruwan, in sun mutu kuma su ruɓe a ciki. Kachalla da ta cika dausayin Haɗejiya da Nguru tana toshe hanyoyin ruwa ta hana shi gudu, ruwan da ba ya gudu kuwa mun riga mun san halinsa.

A saman duk wannan ga ɗumamar duniya. Wani bincike da ya fito a 2017 ya nuna tekunan duniya sun yi asarar kusan kashi 2 cikin ɗari na oksijin ɗinsu tun daga 1960. Adadin kamar kaɗan, amma ba daidai aka raba asarar ba, wasu yankunan sun fi jin jiki nesa ba kusa ba.

Ta yaya ake auna shi? Tun 1888 wani ɗalibi ɗan ƙasar Hangari mai suna Lajos Winkler ya fito da hanyar zuba wasu sinadarai a kwalbar ruwa, launin ya canza gwargwadon oksijin ɗin da ke ciki. Har gobe ana amfani da ita a ɗakunan gwaji. Yanzu akwai 'yar na'ura da ake tsoma bakinta a ruwa ta nuna lamba. Mai kiwon da jarinsa ya kai miliyoyi, a ganina, rashin mallakar irin wannan na'ura ganganci ne. Amma in za ka auna, auna da asuba. Awon la'asar daɗin baki kawai zai yi maka.

Wanda ba shi da na'ura kuma yana da ido. Kifi ya taru a sama da sassafe yana buɗe baki, ko ya yi cincirindo a inda sabon ruwa ke zubowa, ko ya ƙi abincin da jiya yake rububi, duk saƙo ne. A tafkin ƙasa, tsoma hannunka har gwiwar hannu. In ba ka iya ganin tafinka, koren ya yi yawa, a dakatar da taki a sauya wani ɓangare na ruwan.

Kuma in ka ga alamar, abu na farko shi ne ka daina ba da abinci. Na san da wuya, domin tausayi yakan sa mutum ya ƙara zubawa. Amma kifin da ya ci yana buƙatar ƙarin oksijin don narkarwa, wanda bai ci ba kuma abincin zai nutse ya ruɓe ya ƙara cinye iskar. Sai a rage tsohon ruwa ta ƙasa, inda dattin yake, a kawo sabo. A nan ma akwai kuskuren da ake yawan yi. Ruwan rijiyar burtsatse garau yake a ido, amma daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, inda bai haɗu da iska ba, don haka sau da yawa oksijin ɗinsa kaɗan ne. Kada a tura tiyo cikin tanki kai tsaye. A ɗaga shi sama ruwan ya faɗo yana fantsama, ko a huda bututu ya riƙa zuba kamar shawa, ko a bi da shi ta kan kwando. In babu wuta babu injin busa iska, ko da bokiti ne a riƙa ɗiba ana watsawa sama har rana ta ɗaga. Sannan a zauna a yi lissafin gaskiya game da yawan kifin da aka zuba, domin tankin da ya ɗauki dubu suna 'yan yatsa ba zai ɗauke su ba idan kowanne ya kai kilo.

A nan za mu tsaya yau. Masu kiwon kifi da masunta da ke tare da mu, ku faɗa mana a wane wata ne kuka fi ganin irin wannan mutuwar a wajenku, kuma wane kifi ne ke fara tasowa sama. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.